Abin da Ya Raba Kunne da Alƙalami a Turanci

A Turanci akwai kalmomin da kunne ke ji iri ɗaya, amma a takarda kowace da kamanninta da ma'anarta. "Night" dare ne, "knight" kuwa barde ne na zamanin da. "Meet" haɗuwa ce, "meat" nama. Kurakuran rubutu da yawa daga irin waɗannan tagwayen suke fitowa, kuma ba baƙin harshen kaɗai suke kayarwa ba, har da 'ya'yan Ingila da aka yi wa goyo da shi. Dalilin yana cikin tarihi: baki ya ci gaba da sauyawa, rubutu ya tsaya inda yake.

A zamanin marubuci Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana furta kusan kowane harafi da aka rubuta. Mai cewa "knight" sai ya fara da k ɗin nan ƙarara, sannan ya furta gh daga maƙogwaro, kusa da yadda ake furta "kha" ta Larabci. Babu mai rikita ta da "night". Haka w ta "write" tana fita a baki, shi ya sa ba ta yi karo da "right" ba. A hankali waɗannan sautuka suka zube, aka bar haruffansu zaune a takarda.

Wasula ma ba su tsira ba. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta gusawa daga mazauninsu. A da, wasalin "meet" daban yake da na "meat", na "see" daban da na "sea". Sauyin ne ya kai su wuri guda. Ana tsakiyar wannan sai William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster, cikin 1476. Ɗab'i ya fara daskarar da rubutu tun furuci bai gama tafiyarsa ba, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 kuma ya ƙara ɗaure shi tamau.

Masana sun ƙara tasu. Don su nuna cewa kalmar bashi ta samo asali daga Latin, sai suka cusa mata b ta zama "debt", alhali babu wanda ke furta ta. Ga kuma aro daga ko'ina: "there" tsohuwar kalmar gida ce, "their" kuwa daga bakin 'yan Viking na arewacin Turai aka karɓo ta. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, kamar jaki ɗaya da aka ɗora wa kayan biyu.

Mai karatun Hausa ya san kishiyar wannan matsala. Mu rubutu ne ke haɗe abin da baki ya raba: "gari" na mazauna da "gari" na tuwo, "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Karin sauti da tsawon wasali ke bambanta su, boko kuwa ba ya nuna su. A Turanci baki ne ya haɗe, rubutu ya raba.

Akwai fagen da kunne ke cin nasara babu gardama, wato sunayen cikin gida, domin ba a buɗe musu ƙamus. Sarauniya Elizabeth ta Biyu tana ƙarama ba ta iya furta sunanta ba, sai ta riƙa cewa "Lilibet". Iyalinta suka riƙe sunan, har a 2021 jikanta Yarima Harry ya raɗa wa 'yarsa shi. Edwin Aldrin, mutum na biyu da ya taka duniyar wata a 1969, yayarsa ce tana yarinya ta kasa cewa "brother", take cewa "buzzer". Gida ya gajarta shi zuwa Buzz, kuma a 1988 ya mai da shi sunansa a hukumance.

Wasu laƙabobin ma daga kuskuren yanka magana suka fito. A da Turawa sukan ce "mine Ed", wato Ed nawa, ko "mine Ann". Kunne ya ɗauke n ɗin ya manna wa sunan, aka sami Ned da Nan. Ita kanta kalmar "nickname" haka ta faru: asalinta "an ekename", ma'ana ƙarin suna. Wasu kuma wasan amo ne kawai: Richard ya koma Rick sannan Dick, William ya koma Will sannan Bill, Margaret ta bi ta Meg ta zama Peggy. Bahaushen da ya san yadda Abdullahi ya zama Audu, Muhammadu ya zama Mamman, ba zai yi mamaki ba.

A gida, kuskuren da ƙauna ta karɓa yakan zama suna. A takardar neman aiki ko jarrabawar WAEC babu wannan rangwamen, kuma manhajar gyaran rubutu ta waya ba kullum take ceto ba, tunda "week" da "weak" duka kalmomi ne halastattu. Abin da ke aiki shi ne koyon kalma tare da danginta. W ɗin da ta yi shiru a "two" tana magana a "twin", "twelve" da "twenty". G ɗin "sign" tana fitowa fili a "signature". "There" 'yar ɗakin "here" da "where" ce, dukansu wuri suke nunawa. Ya kamata malamai su koyar da wannan dangantakar maimakon hadda zalla, domin ɗalibin da ya san dalilin zaman harafi da wuya ya sake mantawa da shi.