Kowa Ya Sayi Rariya Ya San Za Ta Zubar Da Ruwa

Idan Kirsimati ya gabato, yara sukan fara roƙo. A gidaje da dama abin da suke roƙo shi ne na'urar wasa ta hannu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna ita ce Nintendo Switch, wadda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a watan Maris 2017, a kan kuɗi wajen dala 300. Na'ura ce mai kyau, amma tana da wani aibi da duniya ta sani. To, mu saya ko mu bari?

Mene Ne Aibin?

A kowane gefen na'urar akwai mariƙi da ake kira Joy-Con, mai ɗan sanda da ake juyawa da babban yatsa. Bayan an jima ana wasa, sandan yakan fara aiki shi kaɗai. Yaro ya ɗauke hannunsa, amma mutumin da ke cikin wasan yana ta tafiya har ya faɗa rami. Dalili kuwa, a ƙarƙashin sandan akwai ɗan ƙarfe da ke gogar wani siririn faifai. Yau da gobe faifan yakan cinye, ƙura kuma ta shiga. Mu da muke da hunturu ba sai an gaya mana aikin ƙura ba.

Ba kowace na'ura ke yin haka ba, amma masu kuka suna da yawa. A 2019 an kai kamfanin ƙara a Amurka. A watan Yuni 2020 shugabansa, Shuntaro Furukawa, ya nemi gafarar masu saye. A watan Janairu 2021 ƙungiyar masu sayen kaya ta Turai ta ce ta sami ƙorafi kusan 25,000. A 2023 kamfanin ya yi alkawarin gyara kyauta a ƙasashen Turai, ko da wa'adin garanti ya wuce.

Wa Zai Biya?

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Mutanen Turai aka yi wa wannan alkawari. Wanda ya sayi tasa a kasuwar Kano ko Jos, musamman ta hannu, shi zai biya mai gyara. Sabbin mariƙai biyu kuwa wajen dala 80 aka sa musu tun farko, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin na'urar.

Akwai kuma ƙaramar, Switch Lite, wadda ta fito a watan Satumba 2019 a kan wajen dala 200. Sandunanta a jikinta suke. Idan na babbar ya lalace, sai a zare mariƙin a sa wani. Idan na ƙaramar ne, sai an buɗe na'urar duka. Araha ba ta ado.

Kafin Mu Miƙa Kuɗi

1. Mu gwada ta a gaban mai sayarwa. A cikin saitinta akwai wurin gwajin sanda. Idan ba a taɓa shi ba, alamar za ta tsaya cik a tsakiyar da'ira. In ta motsa, mu ajiye.
2. Mu tambaya kwana nawa zai yarda a mayar masa, ya kuma rubuta a rasit.
3. Mu nemi mai gyara tun kafin mu saya, mu ji farashinsa.
4. Maigida da uwargida su haɗa kuɗin saye da na gyara, su gani ko za su taɓa kuɗin makaranta.

Idan lissafin ya yi, mu saya da idonmu a buɗe, mu koya wa yaron ajiye ta cikin jaka. Idan bai yi ba, mu zaunar da shi mu gaya masa dalili. Zai ɓata rai kwana biyu, amma ya koyi abin da zai amfane shi ran da ya fara riƙe kuɗin kansa.