Tautau mai gashi: dukiyar da muke takewa da takalmi

A Muchalla, garin da ke gindin duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, dab da iyakar Kamaru, hukuncin duk wani babban gizo-gizo da ya fito daga ƙarƙashin dutse ɗaya ne: kisa nan take. Haka abin yake a galibin ƙauyukan Arewa. Sai dai a cikin waɗannan halittu akwai dangi guda da masana ilimin magunguna ke nema ruwa a jallo, wato tarantula.

Masana sun sanya tarantula a dangin Theraphosidae, mai jinsi fiye da 1,000. Girma kaɗai ba ya tabbatar da shi. Alamarsa tana baki: fiƙoƙinsa biyu ƙasa suke kallo, yana sara kamar gatari, alhali na gizo-gizon ɗaki haɗuwa suke yi kamar almakashi. Ba ya saƙa tarko a sarari. Rami ko kogon itace yake shimfiɗe wa zare, ya yi kwanton ɓauna da dare. Macen wasu jinsunan kan haura shekara 20.

Akan kasa dangin gida biyu. Yawancin na nahiyar Amurka suna kare kansu da gashi mai ƙaiƙayi da suke kakkaɓo wa abokin gaba. Na Afirka da Asiya ba su da wannan makami, don haka cizo ne kariyarsu, mai raɗaɗi da ɗaurewar jijiyoyi, ko da yake ba a tabbatar da ya taɓa kashe mutum ba.

Yankinmu yana da nasa. A 1899 masanin Ingila Pocock ya bayyana Hysterocrates hercules daga Najeriya. Daga dafin ɗan'uwansa na Kamaru, Hysterocrates gigas, aka samo sinadarin SNX-482 da ake binciken jijiyoyi da shi. Dafin Heteroscodra maculata na Afirka ta Yamma kuwa ya ba da Hm1a, wanda a 2018 masu bincike a Ostireliya suka nuna yana rage farfaɗiyar Dravet a jikin ɓeraye.

A nan ne batun ya shafi Abuja. Ana cinikin tarantular Afirka a kasuwannin dabbobin ado na Turai da Amurka, amma yarjejeniyar CITES, wadda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da hukumar NESREA ke aiwatarwa, ta Amurka da ta Asiya kawai ta lissafa. Ke nan kare tamu ya rataya ne a kan dokokin gida da sanin abin da muka mallaka.

Mubi na da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya. Ƙaramin tallafi ya isa ɗalibansu su fara ƙididdigar gizo-gizon duwatsun Mandara, su ajiye samfuri a gida, da sunan wurin da aka samo shi. Ƙasar da ba ta rubuta sunan halittarta ba, ba ta da bakin neman kaso ranar da dafinta ya zama magani.