Kabamazefin: Yadda ake amfani da maganin farfaɗiya da ke kuma kwantar da ciwon jijiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na su suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin arziki. Hukumar ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu cutar za su iya daina faɗuwa idan aka gano ta da kyau kuma suka samu maganin da ya dace. Ɗaya daga cikin magungunan da likitoci suka fi rubutawa a asibitocin Najeriya shi ne kabamazefin, wanda ake rubuta sunansa Carbamazepine a jikin kwali, mutane da dama kuma suka fi saninsa da sunan Tegretol.

Wani masanin haɗa magunguna mai suna Walter Schindler ne ya samar da shi a 1953 a kamfanin Geigy da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan. An fara sayar da shi a 1962 domin maganin ciwon jijiyar fuska, daga bisani aka tabbatar da amfaninsa ga farfaɗiya. A farkon shekarun 1970 kuma likitoci a Japan suka lura yana taimaka wa masu wata lalurar ƙwaƙwalwa. A yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Dalilin da ya sa magani ɗaya ke aiki ga cututtuka uku shi ne yadda yake taɓa jijiyoyi. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna aika saƙo ne ta hanyar ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki, wanda ke samuwa idan sinadarin sodiyam ya shiga ƙwayoyin jijiya ta wasu ƙananan ƙofofi. Farfaɗiya tana tashi ne idan ƙwayoyi masu yawa suka riƙa aika saƙo a lokaci guda babu ƙaƙƙautawa. Kabamazefin yana rage saurin buɗewar waɗannan ƙofofi, sai jijiyar ta lafa. Haka yake yi wa jijiyar fuska, wadda ciwonta ke zuwa kamar jan wutar lantarki a kunci ko muƙamuƙi, har taunar abinci ko wanke fuska kan tayar da shi. Ana kuma ba da shi ga mai lalurar da ke sa mutum ya shafe kwanaki cikin zumuɗi da rashin barci da yawan magana, sannan ya koma cikin matsananciyar damuwa.

Ba kowace irin farfaɗiya yake yi wa magani ba. Irin wadda yaro kan tsaya cak ya zuba ido na 'yan daƙiƙoƙi, kabamazefin yana iya ƙara tsananta ta. Shi ya sa sayensa a kemis ba tare da takardar likita ba yake da haɗari.

Likita kan fara wa babban mutum da miligiram 100 zuwa 200 sau ɗaya ko sau biyu a rana, sannan ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. A makonnin farko ana iya jin jiri, yawan barci, tashin zuciya ko gani biyu-biyu, kuma yawanci suna raguwa. Amma ƙuraje a fata, gyambo a baki, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko rawayar ido alamu ne da ke buƙatar a garzaya asibiti a ranar, domin maganin kan iya jawo saɓewar fata mai kisa ko ya taɓa hanta da ƙwayoyin jini.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne daina sha da zarar faɗuwa ta tsaya, ko kuma idan kuɗi suka ƙare. Yanke maganin lokaci guda yana iya dawo da jijjiga mai tsanani wadda ba ta tsayawa. Likita ne kaɗai ke yanke shawarar ragewa, galibi bayan an shafe aƙalla shekara biyu babu faɗuwa. Mai son yin azumi ma ya kamata ya fara tuntuɓar likita kan lokutan shan maganin.

Ga mata akwai ƙarin hattara. Kabamazefin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ɗan ashanan da ake sakawa a dantse. Yana kuma ƙara haɗarin tawayar ƙashin baya ga jariri, don haka mai niyyar ɗaukar ciki ta sanar da likita tun da wuri domin a ba ta folik asid. Wadda ta riga ta samu ciki kada ta daina sha da kanta, saboda jijjiga tana iya cutar da ita da abin da ke cikinta. Masu shan magungunan cuta mai karya garkuwar jiki ko na tarin fuka su ma su faɗa wa likita, domin magungunan suna sauya ƙarfin juna.

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓa jikin mai ita. Idan mutum ya faɗi, a kawar da shi daga wuta da ruwa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, a kai shi asibiti nan take.

Ana duba masu waɗannan lalurori a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna da Kware da Maiduguri. Mai sayen maganin kuma ya tabbatar akwai lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin kwalin.