Shimfiɗar Da A Ke Yi Wa Tudun Zinariya

Duk wanda ya taɓa ganin mata na tace toka ya riga ya san rabin wannan labari. A kan cika tukunya mai huji da toka, a zuba ruwa a bisa, ya tsiyaye ta ƙasa ɗauke da ƙarfin tokar. To, haka masu haƙar zinariya su ke yi da dutsen da arzikinsa ya yi ƙaranci, watau wanda a cikin nauyin buhu goma na hatsi ba a samun zinariya fiye da nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya ko biyu. Niƙa irin wannan dutse a injin hasara ce. Sai a farfasa shi, a tara shi tudu guda, a riƙa ɗiga masa ruwan da aka gauraya da sayanayid. Tun 1887 aka ƙirƙiro a Gilasgo hanyar ciro zinariya daga dutse da wannan magani, amma sai a farkon shekarun 1970 aka soma aikin tudu da yawa, a ƙasar Nebada ta Amurka.

Sayanayid kuwa guba ce mai kisa nan take. Ruwan da ya ke ɗauko zinariyar, shi ne kuma zai iya halaka rijiyoyin gari in ya sami hanyar shiga ƙasa. Saboda haka aikin gaske yana ƙarƙashin tudun, inda ido ba ya gani.

Da fari a kan share filin, a daidaita shi da ɗan gangare, don ruwa ya bi gefe guda. Sa'an nan a shimfiɗa yumɓu mai kaurin ƙafa ɗaya, a yayyafa masa ruwa, a daɓe shi da manyan injuna kamar yadda a ke daɓen ɗaki. Ba a barin tsakuwa mai kaifi ko saiwa a samansa. A bisa daɓen a ke shimfiɗa baƙar roba mai tauri, wadda kaurinta bai wuce na tsohon kwabo ba. Ana kawo ta a naɗe, a jera, a haɗa bakin kowace da na 'yar'uwarta da wuta, layi biyu, a bar siririyar kafa a tsakani. A cikin kafar nan a ke hura iska a auna: in iskar ta ragu, haɗin bai kama ba, sai a sāke. Dalilin haɗa roba da yumɓu shi ne, in roba ta huje ƙaramin huji, yumɓun da ya manne mata yana rage yoyon ƙwarai. Bayan wannan a jera bututu masu huji-huji, a rufe su da tsakuwa kamar ƙafa biyu, don kada tayar mota ta taɓa robar. Kududdufin da ruwan zinariyar ya ke taruwa kuwa, roba biyu a ke yi masa, da wata 'yar rijiya a tsakaninsu wadda a ke leƙawa kullum. In an ga ruwa a ciki, ta sama ta huje.

A ganina, abin tsoro a nan shi ne ba a komawa gyara. Tudun ya kan kai ƙafa 300, wa zai kwashe shi don neman huji ɗaya? A Samitbil, cikin duwatsun Kolorado, an shimfiɗa robar cikin gaggawa da hunturu, ƙanƙara ta lalata ta, aka soma ɗiga magani a 1986 tana yoyo. Ba su kuma lissafa ƙanƙarar da ke narkewa ba, ruwa ya fi ƙarfin wurin. Kifayen kogin Alamosa suka mutu, kamfanin ya karye a Disamba 1992, gwamnatin Amurka ta gaji aikin gyara da kuɗin jama'a.

Akwai kuma wata wahala da robar kanta ta ke kawowa: tana da santsi. Dutse mai nauyin gaske, jiƙe da ruwa, zaune bisa abu mai santsi a kan gangare, zamewa ya ke nema. Don haka a ke yin roba mai kaushi, a ke ɗora dutsen hawa-hawa, kowane hawa a ja da shi baya kaɗan, a ke kuma binne ma'auni cikin tudun don a san tsayin ruwan da ya taru. Tudu ya kan zame ta kan robar, ko ta cikin dutsen kansa in ruwa ya cika shi. Ran 13 ga Fabrairu 2024 tudun Copler a lardin Erzinjan na Turkiyya ya zame, ya binne ma'aikata tara. Ran 24 ga Yuni na shekarar, wani ya zame a Yukon ta Kanada, ruwan sayanayid ya shiga rafin da ke kusa, aka ɗora wurin a hannun wakilin kotu cikin Agusta.