Hawaye: Maganin Da Ido Ke Haɗa Wa Kansa

Duk wanda ya taɓa ratsa gonakin Kadawa, ko na Kura da Bunkure, a lokacin bugun shinkafa, ya san yadda ƙura da ƙaiƙayi ke turnuƙe sararin sama. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman wannan yanki bai san rani ba, bai san damina ba, idon manomi kuwa kullum cikin ƙura yake. To, me ke tsare shi? Amsa ita ce hawaye.

Hawaye ba ruwan gishiri ne zalla ba. Hawa uku gare shi: maiƙo a sama mai hana shi bushewa, ruwa a tsakiya, sai majina a ƙasa mai manna shi ga ƙwayar ido. A cikin ruwan nan ne ake samun sinadaran furotin masu yaƙi da cuta.

Na farko shi ne laisozayim, wanda Alexander Fleming ya bayyana a Landan a 1922, shekara shida kafin ya gano fenisilin. Aikinsa fasa bangon wasu ƙwayoyin bakteriya har su fashe. Na biyu laktoferin, wanda ke ƙwace sinadarin ƙarfe da ƙwayoyin cuta ke buƙata don hayayyafa, ya bar su da yunwa. Na uku kuma sojan garkuwar jiki ne da ake kira IgA, mai cafke ƙwayar cuta ya hana ta maƙalewa, ƙiftawar ido ta share ta.

Sai dai fa wannan kariya tana da iyaka. Idan ƙaiƙayi ya faɗa ido aka murza, yakan kankare fatar nan mai haske da ke lulluɓe baƙin ido, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, gyambo ya biyo baya, wani lokaci har makanta. Haka kuma ƙarancin bitamin A, wanda dundumi ke cikin alamunsa na farko, yana busar da ido. Manja da karas da zogale da hanta suna maganin wannan.

Saboda haka, ɗalibai, ku isar wa iyaye a gona: kada a murza ido, kada a wanke shi da ruwan kwata ko na magudanar gona, kada a ɗiga masa fitsari ko ruwan ganye. A wanke da ruwa mai tsabta, in zafi ko ja ya kwana, a garzaya asibiti.