Motar Rimot Mai Hawan Dutse: Abin da Ke Fara Lalacewa da Abin da Ya Kamata a Fara Canzawa

A cikin motocin rimot akwai wani nau'i da ake kira crawler, wanda ba don gudu aka ƙera shi ba. Aikinsa ya lallaɓa ya hau duwatsu da tudu ba tare da ya kife ba. Fitattu su ne Axial SCX10 da Traxxas TRX-4 wadda ta fito a 2017, dukansu masu girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Akwai kuma ƙanana kamar SCX24, da na WPL 'yan China masu araha, waɗanda da su da yawa ke fara koyo.

Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne servo, ɗan injin da ke juya sitiyari. Idan taya ta maƙale tsakanin duwatsu, mai rimot kuma ya ci gaba da murɗawa, duk ƙarfin a kan haƙoran giyar servo yake ƙarewa. In na roba ne, nan take su gutsure. Alamar ita ce a ji ƙara "kirrr" amma tayoyin ba su juya ba. Magani shi ne servo mai haƙoran ƙarfe, mai ƙarfin kilo 20 zuwa 25 ga motar 1/10. Sai dai fa yana jan wuta sosai. Idan ESC, wato akwatin da ke raba wuta tsakanin batir da inji, bai iya ciyar da shi ba, mota za ta riƙa ɗaukewa duk sanda aka murɗa sitiyari, mutum ya zaci sabon servo ɗin ne jabu. Shi ya sa da yawa ke haɗawa da Hobbywing QuicRun 1080, wanda ke da birkin da ke riƙe mota a kan gangara ko an saki rimot.

Sabon shiga yakan ɗoki sayen injin brushless tun da fari. Wannan ɓarnar kuɗi ce. Injin brushed mai 35T ko 45T ya wadatar. Yawan lambar na nufin raguwar gudu, kuma tafiyar hawainiya ita ake nema a nan. Gara kuɗin ya tafi kan tayoyi masu laushi da ke kama dutse, da nauyin tagulla da ake ɗaurawa ƙasa kusa da tayoyin gaba. Nauyi in yana ƙasa, mota ba ta saurin faɗuwa da baya. Fitilu da akwatunan ado da ake jibgawa a kan rufi kuwa akasin haka suke yi, duk da dai suna kyau a hoto.

Batir ne wurin da wasa ke iya zama gobara. LiPo mai 2S yana ba da 7.4V, mai 3S kuma 11.1V. Kowane ɗaki na batirin yana cika a 4.2V, kuma ba a so ya sauka ƙasa da 3.0V. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a wajen 3.8V. Da cajar da ke daidaita ɗakunan ake caja shi, a kan siminti, ba a kan katifa ba, kuma ba a tafi barci a bar shi ba. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada a huda shi.

Ƙura ma abokiyar gaba ce, musamman da hunturu. Tana haɗuwa da girisi ta zama kamar yashi, ta cinye boris da giya. Bayan fita uku ko huɗu a kwance a goge a sa sabon girisi. Wayar da ta tsinke kuwa, duk mai gyaran waya zai liƙe ta da dalma cikin minti biyar, in dai an nuna masa ja da baƙa kada ya juya su, don juyawar kan ƙone ESC.