Kafin Ka Ɗaure Kaya a Keke Ka Nufi Makka

Tun da aka ji labarin Aliyu Abdullahi Bala, matashin nan da ya bar Jos a kan keke a farkon 2021 ya isa ƙasa mai tsarki a ƙarshen 2022, sha'awar irin wannan tafiya ta shiga ran samari da yawa. Ga kuɗin kujerar Hajji ya haura naira miliyan takwas a 2025, sai wasu suka fara lissafin cewa keke da jaka da tawakkali sun isa su kai mutum Ka'aba. Niyyar mai kyau ce, amma akwai abubuwan da ya kamata kowa ya sani kafin ya yi sallama da gida.

Zuwa Makka ta ƙasa ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, su ƙetare kogin Nilu, su shiga jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda. Sai dai a ayari suke tafiya, su yada zango su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, tafiyar ta ci shekaru. Da yawa ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi kusa da Sennar a Sudan, wanda ya kafu bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne kan mutanenmu da suka zauna a hanya. Mai keke shi kaɗai ba shi da wannan garkuwa ta jama'a.

Ranar mai keke kafin asuba take farawa. Ya naɗe shimfiɗa, ya duba iskar taya da birki da sarƙa, ya yi salla, ya kama hanya tun da sanyin safiya. Keken da aka labta wa kaya, idan titi na da kyau, yakan ci kilomita 60 zuwa 100 a yini. A rairayi kuwa sai a sauka a tura. Da hantsi ya ɗaga dole a nemi inuwa, a zauna har la'asar. Faci kullum ne, domin ƙaya ba ta raga wa taya, kuma a daji babu mai faci. Wanda bai iya cire taya ya liƙe da sholisho ba, bai iya gyara sarƙa ko canza wayar birki ba, bai shirya ba.

Babbar magana ita ce ruwa. Kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce a kan keke, ga shi mai tuƙi cikin zafi yana shan lita da yawa a yini, ban da na girki da alwala. Ruwan rijiya ko na tafki sai an tafasa ko an sa masa magani, don gudawa a inda babu asibiti tana iya kashewa. A riƙe haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan fitsari ya yi duhu ya ragu, kai na sarawa, jiri na ɗiba, a tsaya nan take a jiƙa jiki a inuwa. Idan tunani ya fara rikicewa, bugun zafin rana ne, kuma mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai lura da shi.

Kwana a daji ma yana da ƙa'ida. Ana neman makwanci tun rana ba ta faɗi ba, nesa da titi, inda fitilar mota ba ta kai wa. Kada a kafa tanti a cikin busasshen rafi ko kwari: ruwan sama da aka yi a kan duwatsu masu nisa yana iya sauko wa mutum yana barci. Ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ta kashe mutum fiye da ɗari, a ƙasar da ake ganin ba a ruwa. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, a kwana cikin gidan sauro. Inda akwai gari, ya fi aminci a gaida mai gari ko liman a nemi izinin kwana a masallaci. Baƙon da aka tsinta a ɓoye a bayan gari da dare, a zamanin nan na rashin tsaro, ba kowa ne zai tsaya jin bayaninsa ba.

Hanyar kanta ta canza. Tun 15 ga Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan tsakanin sojoji da dakarun RSF, kuma garuruwan da tsohuwar hanyar alhazai ta ratsa, irin su Junaina da Fashir, suna cikin waɗanda suka fi ganin kisa. Garin Adare na kan iyakar Cadi ya cika da 'yan gudun hijira. Gefen tafkin Cadi kuma ga Boko Haram. Ban da wannan, kowace iyaka tana son fasfo da izinin shiga da katin rigakafin shawara, Saudiyya kuma tana neman shaidar allurar sanƙarau. A ƙarshe ga Bahar Maliya, wadda keke ba ya ƙetarewa.

Isa Jidda ba shi ne shiga Makka ba. Tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, kuma akwai shingen bincike a Shumaisi. A lokacin aikin Hajji ba a barin kowa ya wuce sai mai takardar izini. Bizar ziyara ko ta Umra ba ta Hajji ba ce, kuma wahalar da mutum ya sha a hanya ba ta zama masa takarda. A 2025 hukuncin wanda aka kama babu izini shi ne tarar da ta kai riyal 20,000, a mayar da shi gida, a hana shi shiga ƙasar shekara goma. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izini, wato ba su da tanti ko mota mai sanyaya.

Malamai sun bayyana cewa Hajji yana wajaba ne a kan mai iko, kuma amincin rai da dukiya a hanya yana cikin ikon. Wanda bai samu hali ba, babu laifi a kansa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Don haka, ɗan'uwa, idan kekenka kake so, ka gwada kanka tsakanin Kano da Katsina da rana, tare da abokai, ka ga abin da jikinka zai iya. Idan Makka kake so, ka je ofishin hukumar jin daɗin alhazai ta jiharku ka tambayi tsarin adashin gata na Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta kafa, ka fara tarawa. Iyaye da malamai kuma, idan yaro ya zo da wannan shawara, a zaunar da shi a yi masa bayani kafin a sa masa albarka. Allah Ya kira mu ta hanya mai aminci.